Kwamfutar Da Aka Ce Ba Ta Da Ƙwaƙwalwa

Ƙanin mijina bai taɓa ganin abin da bai sani ba. Ka nuna masa injin jirgin sama, zai ce "Na san ta." Ka kawo masa cutar da ta gagari likitoci, zai ce "Na san ta." Da haka sunansa na gaskiya ya ɓace a layinmu, yara da manya sai Na-San-Ta, shi kuma yana amsawa da fara'a don a zatonsa kirari ne. Shi ya gyara wa maƙwabcinmu famfo har ruwa ya koma fitowa ta bango. Shi ya gyara agogon falonmu, yanzu yana tafiya lafiya ƙalau, sai dai da baya. Maganar aikin yi kuwa, kullum ana gab da kiransa.

Ni shagon buga takardu gare ni a bakin titi, tsakanin wani mai aski da wata tela. Jarina duka firinta ɗaya ce da kwamfuta ɗaya ta tebur, irin mai akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa kusa da ƙafa. Tsohuwa ce tukuf. In ka kunna ta, sai ka share shago ka goge tebur ka dawo ka same ta tana miƙa. Amma da ita na ɗora ɗana har ya zama mutum, yana aiki a wani gari mai nisa, don haka ba na son a zage ta a gabana.

A makon nan ne sa'a ta leƙo ni. Makarantar da ke bayan layinmu, wadda kullum shagon tsallaken titi take kai wa aiki, ta ba ni bugun jarrabawarta karon farko. Shugabar makarantar mace ce da ba ta da wasa. Da ta miƙo mini takardun da malamai suka rubuta da hannu, sai ta ce, "In kin yi da kyau, aikinmu duka ya dawo wurinki. In kin makara, kin dai san tsallaken titi ba shi da nisa." Na zauna na buga komai tsaf, har bayana ya ƙage. Washegari da safe za a yi jarrabawa, ita kuma za ta zo karɓa tun da yammacin wannan ranar da na gama. Abin da ya rage mini kawai in fitar a firinta.

Da hantsi sai ga wayar ɗana. Ya ce wani abokinsa zai taho garinmu, yana so ya aiko mini da wani ɗan kaya da za a ƙara wa kwamfutar ta daina jan ƙafa. Amma sai ya san irin furosesan da ke cikinta, kada ya sayo abin da ba zai shiga ba.

Na ce, "Furo me?"

Ya ce, "Ƙwaƙwalwarta, Mama. Wasu na ce mata sifiyu. Abu ne mai sauƙi, tunda a kunne take, ki je ki danna..."

Ban ji abin da zan danna ba, domin wani hannu ya zo ta bayana ya zare wayar. Ashe Na-San-Ta ya shigo shan iskar fanka kamar yadda ya saba.

"Ɗana, Baffanka ne. Sifiyu? Na san ta. Ga ta nan a gabana. Baƙa ce, tsawonta ya kusa gwiwa, akwai ɗan tsatsa ta gefe."

Ina jiyo ɗana yana cewa, "Baffa, wannan akwatin ne. Abin da ke ciki nake nufi. Zan shiga taro yanzu, ka ba Mama in gaya mata inda za ta danna, kwamfutar da kanta za ta rubuto sunan."

"Je ka taronka, an gama." Ya kashe wayar, ya jefa ta a aljihunsa.

Na ce, "Ba ni wayata. Yaron ya ce ita za ta faɗi sunan da kanta."

Ya dube ni da tausayi. "Haba matar Yaya. Tsohuwar da ta ruɗe, ita za ki tambaya shekarunta? Wannan in kin tambaye ta sunan ƙwaƙwalwarta, na kakarta za ta faɗa miki. Mu injiniyoyi ido muke yarda da shi."

"Injiniyan ina?"

"Ana gab da kirana."

Da na san abin da zai biyo baya, da a ranar ko gobara ake ba zan bar shagon ba. Amma takardar firinta ta ƙare, kuma sai na je kanti can ƙarshen titi. Na nuna shi da yatsa na ce ko ƙurar jikinta kada ya taɓa. Ya dafa ƙirji ya ce shi da ya zo shan iska, ina ruwansa. Na leƙa wurin tela na ce, "Don Allah 'yar uwa, ki sa masa ido."

Ina dawowa da takarda a ka, na hango taro a ƙofar shagona. Na ratsa mutane, sai ga kwamfutata kwance a kan bencin mai aski, an cire mata murfi, wayoyi ja da baƙi da ɗorawa sun zubo waje. Na-San-Ta yana tsaye a kanta ya naɗe hannun riga, riƙe da ɗan sukundireban keken ɗinki, fuskarsa fari fat da ƙura har gashin ido, don ya hura cikinta da baki ta rama.

Na juya kan tela. "Ba na ce ki sa masa ido ba?"

Ta ce, "Wallahi tun da kika tafi ban ɗauke ido a kansa ba. Ba ki ce in riƙe masa hannu ba."

"Kuma sukundireban wa ke hannunsa?"

"Aro ya yi."

Na ce da shi ya mayar da komai yadda ya same shi yanzu-yanzun nan. Ya yi atishawa, ya ce in kwantar da hankalina, wanda ya kwance ai shi ya san ɗauri, kuma bai fito da ita waje ba sai don haske. Ni na san don 'yan kallo ne. Amma na dubi wayoyin nan, ban san ko ɗaya inda take shiga ba. Raina ya ɓaci, ga shi ba yadda zan yi, dole in jira wanda ya ɓata ya gyara.

Ya juya ga jama'a ya gyara murya. "Ku lura da kyau, ba kullum ake samun darasi kyauta ba. Ƙwaƙwalwa a jikin kowace halitta tana cikin abin da ya fi nauyi a sama." Ya ƙwanƙwasa wani akwatin ƙarfe da ke saman kusurwa, wanda wayoyin duka suka fito daga cikinsa. "Ga ta. Kun ga jijiyoyi?"

Mai aski, wanda ya bar wani mutum a kujera da rabin kai, ya ce, "To ai nan ake sa wayar wuta."

"Kai da saman kai ka sani, ina ruwanka da cikinsa?"

Ya ciro wayata ya kira ɗana, ya buɗe murya don kowa ya ji, ya karanto rubutun da ke jikin akwatin ƙarfen harafi bayan harafi. Ɗana ya amsa ƙasa-ƙasa daga cikin taro.

"Baffa, wannan akwatin wuta ne."

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Ya kashe. Mutumin da ke da rabin aski ya taso da zanen aski a wuya ya zo ya samu wuri a gaba.

Na-San-Ta ya sake leƙawa, ya daɗe yana huci. Can sai ya sa farce ya ɓamɓaro wani ɗan ƙarfe zagayayye mai ƙyalli, ya ɗaga shi sama. "Ƙwaƙwalwa ba girma ba ce. Dubi giwa, dubi zomo. Masu ƙera ta sun ɓoye ta a nan don kada jahilai su gane."

Tela ta matso ta ƙura ido. "Ikon Allah. Kamarsa ɗaya da batirin da ke cikin makullin motar mijina."

"To motar mijinki ba ta da tunani ne? Wa ke gaya mata ta buɗe?"

Ya sake kira. Wannan karon da ya kwatanta masa abin, ɗana ya ce, "Batir ne wannan. Baffa, wai buɗe ta kuka yi?"

Na buɗe baki zan yi ihu, Na-San-Ta ya juya mini baya ya rufe wayar da tafin hannu. "Buɗewa kuma? Allah ya kiyaye. Ta 'yan ramukan gefe muke leƙawa."

"To ba za ku gan shi ta nan ba, yana ƙarƙashin fanka ne. Ku bari in fito, zan..."

Ƙit. Cikin maganar duka, "ƙarƙashin fanka" kaɗai ya shiga kunnen ƙanin mijina.

Akwai 'yar fanka a tsakiyar allon da ke ciki, a kan wani dunƙulen ƙarfe mai haƙora kamar mataji. Na ce, "Don girman Allah ka bari yaron ya fito." Ya ce yaron da aka haifa a gabansa ba zai koya masa aiki ba. Ya kama fankar ya ja, ta ƙi. Ya murɗa, ta ƙi. Ya sa gwiwa ɗaya a kan benci, ya ce wa mai rabin aski ya danne masa akwatin, ya tattara ƙarfinsa ya fizga. Wani abu ya ce ƙaras. Fanka da dunƙulen ƙarfe suka taho gaba ɗaya, shi kuma ya yi baya ya faɗa jikin wani mai sayar da jarida da ke cikin 'yan kallo.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya kifa fankar a kan benci ba tare da ya ko dube ta ba, ya leƙa inda ya ciro ta. Muka leƙa tare. Babu komai sai wani farin dandamali mai 'yan ƙananan ramuka birjik.

Ya sake leƙawa. Sai na ga fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Jama'a, ku matso ku shaida! Matar Yaya, an cuce ki. Kwamfutarki ba ta da ƙwaƙwalwa!"

Wuri ya ɗauki salati.

"Ga mazauninta nan, wayam. Shekara da shekaru kina aiki da kwamfuta marar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa take jan ƙafa! Da me za ta yi sauri? Da ban buɗe ba, da haka za ki mutu ba ki sani ba."

Na ce, "To da me ta buga jarrabawar da na zauna a kanta?"

"Sabo. In abu ya daɗe yana aiki, ko ba tunani yana yi."

Mai aski ya ce, "Wannan kam gaskiya ne, muna ganin misali."

Na-San-Ta bai ji ba, ya riga ya hau bayani. Ya ce shi tun ranar da ya fara ganinta ya yi zargin haka daga yadda take kallon mutane. Ya ce zai rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta, kuma ba mamaki a kan wannan binciken a kira shi. Ya yi magana har ya gaji, ya ce a ba shi wuri ya ɗan huta, gano irin wannan abu yana cin jiki. Ya tattara rigarsa ya zauna a kan benci da dukan nauyinsa.

Ihun da ya yi, sai da mai shagon tsallake ya fito ƙofa.

Ya yi tsalle sama yana dafe da mazaunai, fankar tana reto a bayan wandonsa. Mai aski ya kama ta ya cire, ya juya ta. A ƙasan dunƙulen ƙarfen ga wani ɗan abu mai kusurwa huɗu manne, bai kai tafin hannun jariri ba, jikinsa cike da 'yan siraran ƙafafu masu ruwan zinariya kamar allurai. Ashe da ya fizgi fankar, ƙwaƙwalwar ce ta biyo ta, shi kuma ya kifa ta ƙafafu a sama. Yanzu rabin ƙafafun sun kwanta, wasu gabas wasu yamma.

Mai aski ya duba abin, ya duba wandon, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau dai ƙwaƙwalwa ta shige ka, ko da ta ƙasa ce."

Mutane suka zube da dariya. Mai rabin aski har da riƙe ciki. Ni kaɗai ce ban yi ba, don na ga inuwa ta fara tsawo.

Wani in an yi masa haka sai ya nemi hanyar gida. Na-San-Ta ko gezau. Ya karɓe abin yana ɗingishi ya ce, "Kun gani? Na ce a ƙarƙashin fanka take." Ya ari reza ya ɓamɓare ta daga jikin ƙarfen. Bayanta duk wani abu ne toka-toka ya bushe ya rufe rubutun. Ya shinshina ya ce kashin tsaka ne, ya yi mini faɗa a kan rashin tsafta, ya tsoma ta a kofin ruwan mai aski ya wanke da burushin gemu. Rubutu kuwa ya fito. Ya kira ɗana don ya yi masa albishir, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Na ce, "Na yafe sunan. Mayar mini da ita ta tashi, matar nan tana hanya."

"Yanzu kuwa."

Ya ari allura wurin tela, wadda har yanzu ba ta koyi hana aro ba, ya shiga miƙe ƙafafun. Ya taɓa ta farko, ta karye. Ya taɓa ta kusa da ita, ta bi 'yar uwarta. Na dafe kai.

"Ƙafa nawa gare ta, matar Yaya? Shanshani in ya rasa ƙafa biyu fasa tafiya yake?"

Ya ɗora ta a kan farin dandamalin, ta ƙi zama. Ya juya ta, ta ƙi. Ya sa babban yatsa ya danna har sai da muka ji ƙus-ƙus, ya ce ta zauna. Wayoyin kuwa ya bi su da ra'ayi, duk wadda ta shiga rami to nan ne gidanta. Notuna suka yi saura a kan benci, ya ce dama kamfani kan sa ƙari. Aka kinkimi akwatin aka mai da shi shago, jama'a suka biyo har ƙofa, wasu ta taga.

Ya ce kowa ya yi shiru. Ya danna maɓalli.

Fanka ta juya, fuuu. Allon ya tsaya baƙi ƙirin.

"Tana tunani ne. An daɗe ba a wanke mata kai ba."

Muka jira. Ya kashe ya kunna. Ya mari akwatin ta gefe. Wani ɗan wari kamar na roba a wuta ya fara tashi, sai na yi wuf na zare wayar wuta daga bango.

A daidai nan ne taron ya dare biyu, shugabar makaranta ta shigo da jakarta a hannu. Ta dubi notuna a kan tebur, ta dubi mutumin da ke da rabin kai, ta dubi ƙanin mijina da ƙura a gira da huda a wando. Sannan ta dube ni.

"Ina jarrabawata?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, tana ciki. Na gama bugawa, wallahi na gama. Fitarwa ce kawai."

Na-San-Ta ya matso da murmushi. "Hajiya, ni ne injiniyan da ke kula da aikin. An samu gagarumin ci gaba. Da safe ba mu san sunan ƙwaƙwalwar ba, yanzu mun sani."

"Sunan zan raba wa ɗalibai gobe?"

Ta miƙo hannu, na ɗauko takardun malamai na rubutun hannu na ba ta. Ina tsaye a ƙofa ina kallo ta tsallaka titi, mai shagon can ya taso da sauri har yana goge mata kujera da hularsa. Hawaye ya cika mini ido, na haɗiye shi don kada in yi kuka a gaban mutanen da suka zo kallo.

Sai ga waya tana ƙara a aljihun Na-San-Ta. Ɗana ne, ya fito daga taro. Kafin in kai hannu, ya riga ya sake ɓalle fankar ya zaro ƙwaƙwalwar, wasu ƙafafun suka zube a tebur. Ya buɗe murya, ya ɗaga abin saitin haske, ya karanto haruffa da lambobi ɗaya bayan ɗaya da ƙasaita.

Ɗana ya ce, "Yauwa! Shi ne wannan. Sannu Baffa, ka yi ƙoƙari."

Na-San-Ta ya waiwayi jama'a yana gyaɗa kai, a ji dai da kyau.

"Amma Mama tana kusa? Ki ji, wannan tsohon samfuri ne sosai, an daina ƙera shi tun ina makaranta, ko a wurin masu tsofaffin kaya da wuya a samu. Duk sauran abin da ke cikin kwamfutar zan iya samo miki, ban da shi. Tunda yana aiki, ki lallaɓa shi. Ko wa ya zo, kada ki bari a taɓa shi."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon, har mai aski. Ɗana yana ta cewa, "Mama? Kina ji na?"

Ƙanin mijina ya ajiye wayar a hankali a kan tebur. Ya yagi takarda guda daga sabuwar da na sayo, ya share 'yan ƙafafun da suka zube ya haɗa da uwarsu, ya naɗe tsaf. Ya kamo hannuna ya danƙa mini.

"Kin dai ji da kunnenki, matar Yaya. Ki adana shi da kyau, ba a samun irinsa."